Shafin Lafiyar Dabbobi: Tsohuwar karya da ƙari a nono, a yi mata tiyata ko a haƙura?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya, ina zaune a Tahoua, kuma ina da ɗan lambu a bayan gari inda nake noman albasa da tumatir da rani. Ina da wata karya irin ta Azawak, wadda wani aminina makiyayi ya ba ni tun tana kwikwiya, yau shekararta 11 tana gadin lambun da 'yan awakin da nake kiwo a cikinsa. Ba a taɓa yi mata aikin hana haihuwa ba, ta kuma haihu sau da dama. Wajen ƙarshen damina na ji wani ɗan ƙulli a ɗaya daga cikin nonuwanta na baya, wanda da farko bai wuce ƙwayar gyaɗa ba, amma yanzu da sanyi ya fara shigowa ya kusa kai girman goro. Tana cin abincinta, tana zagaya lambu, tana haushi idan baƙo ya doso, sai dai ta fi yawan kwanciya a kan da. Likitan dabbobi ya duba ta, ya ce ƙari ne kuma sai an yi tiyata an cire shi. Ya ƙara da cewa gara a cire mahaifa a lokaci guda, kuma ya fi son a yi aikin a Yamai inda kayan aiki suka fi yawa. Kuɗin da aka ƙiyasta mini, idan an haɗa da na mota, sun kai na ragon layya mai kyau. Uwargida da ƙannena suna ganin almubazzaranci ne a kashe irin wannan kuɗi a kan tsohuwar karya, wani maƙwabcina kuma ya ce dabbar da ta kai waɗannan shekaru ba ta farfaɗowa daga allurar barci. Ni kuwa ba na son in zuba ido tana wahala, ba na kuma son in kai ta da hannuna inda za ta mutu. Mece ce shawararku?

Malam mai lambu, Tahoua

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a lambu. Ban ga karyar da idona ba, saboda haka maganar likitan da ya taɓa ta da hannunsa ita ce gaba da tawa, amma bisa ga abin da ka bayyana na fi karkata ga a yi aikin, da sharaɗin a fara yi mata gwaji, kuma a gama komai cikin sanyin nan kafin bazara ta kawo kai. Tsufa shi kaɗai ba ya hana tiyata. Abin da ake dubawa shi ne halin da zuciya da ƙoda da hanta da jini suke ciki, sannan a tambayi abin da dabbar za ta samu daga aikin: warkewa ce gaba ɗaya, ko shekara ɗaya zuwa biyu cikin sauƙi, ko kuwa 'yan makonni ne da za su ƙare tana jinyar ɗinki. Karnukan Azawak sukan kai shekara 12 zuwa sama idan sun samu kulawa, don haka wadda take da 11, tana ci tana zagaya lambu, ba a ce ta gama kwanakinta ba.

Ƙarin nono yana cikin cututtukan da suka fi addabar tsofaffin matan karnuka da ba a cire wa mahaifa da gidan ƙwai ba. Karya tana da nonuwa goma a galibi, biyar a kowane gefe, kuma na baya, irin wanda ka ambata, su ne suka fi kamuwa. Kusan rabin irin wannan ƙari ba mugu ba ne, wato yana girma ne a wurinsa kawai, ɗaya rabin kuwa ciwon daji ne mai iya bin jini da kaluluwa ya kai huhu. Hannu ba ya iya rarrabe su da tabbaci, ko da hannun ƙwararre ne, sai an cire tsokar an duba ta a ɗakin bincike. Amma girman ƙullin yana faɗar abubuwa da yawa. Likitoci sun raba shi gida uku: wanda bai kai santimita 3 ba, da wanda ke tsakanin 3 da 5, da wanda ya haura 5, kuma sakamakon tiyata ya fi kyau ƙwarai a rukuni na farko. Goro yana bakin wannan iyaka ta farko, shi ya sa nake cewa jinkiri shi ne shawarar da ta fi kowace muni a gare ka. Ka ɗauki ma'aunin da ɗalibanka suke ja layi da shi, ka auna faɗin ƙullin yau, ka rubuta da kwanan wata, ka sake aunawa bayan mako guda. Ka kuma kama shi a hankali da yatsu biyu ka ga ko yana motsi a ƙarƙashin fata ko ya manne da naman ciki, ka shafa sauran nonuwan ɗaya bayan ɗaya domin sau da yawa ƙullin ba guda ba ne, sannan ka laluba matsematsinta da hammatarta ko akwai kaluluwa. Ƙari mai motsi, mai iyaka a fili, wanda fatarsa ba ta fashe ba, shi ne mafi sauƙin cirewa. Akwai wani nau'i da ba a yi wa tiyata, wanda nonon yakan kumbura gaba ɗaya, ya yi ja, ya yi zafi, dabbar ta ƙi a taɓa ta; bayaninka bai yi kama da shi ba, amma idan ka ga haka ka sanar da likita tun kafin ku kama hanya.

Ya kamata iyalinka su san abin da ƙyale ƙarin yake nufi, domin masu cewa a bar ta sukan zaci za ta ci gaba da zama yadda take yau har ranar da ajali zai zo. Ƙari mai girma yakan rinjayi fata, ya riƙa gogar ƙasa idan ta kwanta, ta riƙa lasarsa, har ya fashe ya zama gyambo mai wari. Daga nan ƙuda ya samu wurin zama, tsutsa ta biyo baya, kuma a lambu mai taki da awaki wannan ba ya ɗaukar kwanaki da yawa. Tiyatar da ake tsoro yau, a lokacin za a yi ta ne dole, a kan dabbar da ta rame, da yanka mafi faɗi da kuɗi mafi yawa.

Maganar maƙwabcinka kan allurar barci tana da tushe, sai dai ya zarce da ita. An yi wani babban bincike a Birtaniya da aka wallafa a 2008, wanda ya bi diddigin karnuka kusan 98,000 da aka sa wa maganin barci ko na kwantar da jiki. Gaba ɗaya an rasa kare 1 cikin kusan 600. Da aka ware masu ƙoshin lafiya, sai aka ga 1 ne cikin kusan 1,850, marasa lafiya kuwa 1 cikin 75. Waɗannan alƙaluma na asibitoci ne masu wadatar kayan aiki, saboda haka mu a nan sai mu ƙaddara haɗarin ya fi haka, amma abin da suka nuna ya shafe mu: tazarar da ke tsakanin kare mai lafiya da marar lafiya ta fi ninki 20. Tsufa yana ƙara haɗari, musamman saboda tsoho ya fi yawan ɓoyayyiyar cuta, kuma aikin gwaji shi ne tono ta. Binciken ya kuma nuna cewa kusan rabin mace-macen sun auku ne bayan an gama aiki, akasari cikin sa'o'i uku na farko, lokacin da kowa ya wanke hannu yana ganin an tsallake. Don haka tambayar wanda zai zauna kusa da ita har ta ɗaga kai ta miƙe tana da nauyi daidai da tambayar wanda zai riƙe wuƙa.

Gwajin da nake nufi ba mai yawa ba ne. A ɗebi jini a duba yawansa, da ƙwayoyin da ke sa shi daskarewa, da aikin ƙoda da hanta. A saurari zuciya da huhu da kyau. A ɗauki hoton radiyo na ƙirji, domin idan ciwon ya riga ya kai huhu, cire ƙullin nono ba zai ƙara mata kwana ba, kuma a nan shawarata za ta juya. A ƙasarmu akwai abin da ya sa gwajin jini ya zama wajibi fiye da a Turai, shi ne kaska. Karen da ya shekara 11 a lambu tare da awaki da wuya a ce kaska ba ta sha shi ba, kuma cututtukan da take ɗauke da su suna rage jini, suna kuma rage ƙwayoyin daskarewa, ta yadda dabba za ta yi ta yawo kamar lafiyarta lau, amma da an yanka sai jini ya ƙi tsayawa. Idan an gano wannan, magani ne na kusan mako huɗu, galibi doxycycline, kuma likita ne zai faɗi lokacin da jinin ya dawo daidai har a iya aiki. Kai ma kana iya duba wani abu a gida: ka ɗaga leɓenta ka kalli dasashi. Na mai lafiya jaja-jaja ne, kuma idan ka danna da yatsa ya yi fari, launin yakan dawo cikin daƙiƙa biyu. Dasashi fari fat ko mai ruwan ɗorawa alama ce ta a dakata a yi bincike. Yawan kwanciyar da ka lura da shi yana iya zama tsufa da ciwon gaɓoɓi kawai, yana kuma iya zama ƙarancin jini, don haka kada ka manta ka faɗa wa likita.

Yawancin likitocin dabbobinmu, waɗanda da damansu suka yi karatu a makarantar likitancin dabbobi ta Dakar da aka kafa a 1968, aikinsu na yau da kullum a kan shanu ne da tumaki da awaki da raƙuma, kuma haka ya dace da ƙasar makiyaya. Saboda haka ba raini ba ne ka tambayi likita ko yana yawan yi wa karnuka irin wannan aiki, kuma likitanka na Tahoua da ya tura ka gaba ya nuna ya san iyakar kayan da ke hannunsa, abin a yaba masa ne. Ka tambayi irin maganin barcin da za a yi amfani da shi. Na shaƙa, irin isoflurane, ya fi sauƙin sarrafawa domin ana iya ƙarawa ko ragewa nan take. Haɗin allurar ketamine da xylazine ya fi samuwa kuma ya fi araha, amma xylazine yana rage bugun zuciya, shi ya sa ake taka-tsantsan da shi ga tsofaffi. Ka kuma tunatar da su cewa karyar Azawak ce. Irin waɗannan karnuka masu dogayen ƙafafu ba su da kitse a jiki, don haka wasu tsofaffin magungunan barci, irin thiopental, sukan daɗe ba su sake su ba, kuma jikinsu yakan yi sanyi da sauri a lokacin aiki, ko da gari da zafi, sai an lulluɓe su. Ka tambaya ko za a sa mata ƙarin ruwa ta jijiya tun daga farko har ƙarshe, ko akwai mutum na biyu da aikinsa kawai lura da numfashi da bugun zuciya, da kuma abin da suke yi idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki. Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi.

Batun cire mahaifa tare da ƙarin, a nan ina da ra'ayi tsaka-tsaki. Babban amfaninsa shi ne kare ta daga ruɓewar mahaifa, cutar da za ka ga bayaninta a amsa ta biyu, domin karya ba ta daina zuwa lokacin barbara komai tsufanta. Amma buɗe ciki yana tsawaita aiki da barci. Idan gwaji ya fito da kyau, a haɗa su a yi sau ɗaya a huta. Idan kuwa ƙoda ko zuciya sun nuna rauni, a cire ƙarin kaɗai a rufe, kuma wannan ƙaramin aikin ya kamata ka sake tambayar likitanka ko zai iya yinsa a nan Tahoua.

Dalilin wannan tambaya shi ne hanya. Daga Tahoua zuwa Yamai, ta Ƙonni da Dogondutsi da Doso, kusan kilomita 550 ne, kuma tsohuwar dabbar da ba ta saba mota ba tana shan wuya a irin wannan tafiya. Idan ta kama a je, a nemi motar gida, a tashi da asuba, a shimfiɗa mata a inda iska ke shiga, ba a bayan buɗaɗɗiyar mota cikin rana ba, a riƙa tsayawa ana ba ta ruwa. A isa kwana ɗaya ko biyu kafin aiki domin ta huta, kuma kada a juyo da ita washegarin tiyata. Ka tanadi gidan ɗan'uwa ko aboki da zai yarda ta zauna 'yan kwanaki, ka kuma tafi da takardar rigakafinta ta ciwon haukan kare idan tana da ita. Disamba da Janairu su ne watannin da suka dace. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai yake haura digiri 40, kare da ke farfaɗowa daga barci ba ya iya yin hakin da zai sanyaya jikinsa yadda ya kamata, ɗinki ma ya fi saurin ɓaci.

Jinyar bayan aiki ita ce inda ake yawan asarar abin da likita ya gyara, kuma a nan ne yardar uwargida take da muhimmanci fiye da a batun kuɗi. Ana cire zare bayan kwana 10 zuwa 14, kuma a tsawon wannan lokaci karyar ba za ta kwana a lambu ba. Tana bukatar rumfa ko zaure mai tsabta, da tabarma da tsumma mai laushi, da tsohon gidan sauro saboda ƙuda, da kuma mutumin da zai duba ɗinkin safe da yamma. Dole a hana ta lasa, domin kare yana iya warware ɗinki cikin dare ɗaya. Idan ba a samu kwalar roba da ake sa musu a wuya ba, a sami ƙaramin bokitin roba a yanke gindinsa, a naɗe bakin yankan da tsumma don kada ya ji mata, a zura kanta a ɗaure da abin wuyanta, ta yadda za ta iya ci da sha amma bakinta ba zai kai ciki ba. Kada a sa toka ko baƙin mai ko garin magani a kan ɗinki. Kada kuma a saya mata maganin ciwon jiki na mutane wurin masu talla a tire, domin ibuprofen da diclofenac suna huda cikin kare, suna lalata masa ƙoda. Maganin zafin da likita ya rubuta shi kaɗai za a ba ta, a kan adadin da ya faɗa. Idan ka duba gidanka ka ga babu mai iya wannan hidima ta mako biyu, to da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Game da kuɗi, haƙƙin iyali shi ne gaba. Idan aikin zai taɓa hatsin gida ko kuɗin makarantar yara ko maganin wani mutum, ka haƙura, kuma babu laifi a kanka. Ka nemi a rubuta maka jimillar komai tun kafin a fara, da gwaji da aiki da magani da cire zare, domin kada a buɗe ciki sannan lissafi ya canza. Amma idan kana da hali, ban ga inda sunan almubazzaranci ya hau kan jinyar dabbar da ta shekara 11 tana tsare maka dukiya ba. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, sai dai abin da ke cikin Buhari da Muslim sananne ne, na mutumin da ya ga kare yana lasar danshin ƙasa saboda ƙishirwa, ya sauka rijiya ya cika huffinsa da ruwa ya shayar da shi, Allah ya gafarta masa. Hadisi ya kuma yi rangwame a kan karen farauta da na kiwo da na gona, kuma taka ta haɗa biyu daga ciki. Malamanmu na Malikiyya suna ba da labarin Ibn Abi Zaid, mai Risala, wanda ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi, da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya ƙi hakan, sai ya ce da Malik ya riski wannan zamani da zaki zai ajiye. Ƙannenka za su fi sauraron wannan daga bakin limaminku fiye da daga shafin mujalla.

Idan gwaji ya nuna ciwon ya bazu, ko jikinta ba zai ɗauki aiki ba, ko hali bai samu ba, akwai sauran abin yi. Likita zai iya ba ta maganin rage zafi, a riƙa wanke wurin idan ya fashe, a kare shi daga ƙuda, a sauƙaƙa mata abinci, a ɗauke mata gadin dare. Wata likitar dabbobi ta Amurka mai suna Alice Villalobos ta tsara ma'auni na abubuwa bakwai da ake dubawa ga dabbar da ke ƙarshen rayuwa: zafin ciwo, da ci, da sha, da tsabtar jiki, da walwala, da iya tashi, da kuma ko ranakun sauƙi sun fi na wuya yawa. Na ƙarshen shi ne ya fi amfani ga mai dabba, domin wanda yake ganinta kullum ba ya lura da yadda take raguwa. Ka rataye kalanda, kowace yamma ka sa alama ko yau ta wuni da sauƙi ko da wuya. Ranar da alamun wuya suka rinjaya, ta daina ci, numfashi ya yi mata nauyi, sai ka yi magana da likita kan allurar da ke kawo ƙarshen wahala ba tare da azaba ba. Littattafan Malikiyya, har da Muhtasar na Shehu Halil, sun ambaci halaccin hutar da dabbar da ba a ci idan an fid da rai da ita, amma ka tambayi malaminka don zuciyarka ta natsu. Abin da ba shi da hujja ko kaɗan shi ne ba ta guba, ko a kai ta daji a yar, kamar yadda wasu suke yi wa karnukan da suka tsufa.

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Muna da karyar gadi irin ta Jamus, shekararta 9, a gidanmu da ke Yamai. Kimanin mako shida bayan ta gama lokacin barbararta sai ta fara shan ruwa fiye da kima, tana yawan fitsari, ta rage cin abinci, jiya kuma ta yi amai. Akwai wani ruwa mai wari da ke fita daga gabanta. Likita ya yi mata eko, wato hoton cikin ciki, ya ce mahaifarta ta cika da mugunya, sai an cire ta da gaggawa. Maigida ya yi tafiya, ni kuma ina tsoron in sa hannu a yi wa tsohuwar dabba babban aiki ba ya nan. Shin ba za a iya ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta ba zuwa ƙarshen wata, idan ya dawo a yanke shawara?

Hajiya, Yamai

AMSA

Wa alaikumus salam, Hajiya. Na riga na mayar miki da amsa ranar da saƙonki ya iso, domin wannan ba abin jiran fitowar mujalla ba ne, amma ina maimaita ta a nan saboda sauran masu karatu. Ki kira maigida a waya, ki haɗa shi da likita su yi magana, a yi aikin yau ko gobe. Tambayarki ta bambanta da ta Malam na Tahoua. Shi yana da 'yan makonni na gwaji da shiri, ke kuwa kwanaki ne a hannunki, wani lokaci ma sa'o'i.

Abin da ke faruwa shi ne, bayan lokacin barbara sinadarin jikin karya yakan sa bangon mahaifa ya yi kauri, bakinta ya tsuke, kuma idan ƙwayoyin cuta suka shiga, galibi irin waɗanda ke cikin hanji, sai su samu wurin yaɗuwa har mahaifar ta cika da mugunya. Yakan bayyana ne mako huɗu zuwa takwas bayan barbara, daidai da lissafinki. Cutar ba baƙuwa ba ce: wani bincike a ƙasar Suwidin ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na matan karnukan da ba a cire wa mahaifa ba suna kamuwa da ita kafin su cika shekara 10. Yawan shan ruwa da fitsarin da kika gani alama ce cewa dafin ƙwayoyin ya fara taɓa ƙoda, aman kuma yana nuna ya shiga jini. Ruwan da ke fita, duk da warinsa, ɗan sauƙi ne, domin yana nufin bakin mahaifar a buɗe yake. Wadda tata ta rufe ba a ganin komai a waje sai kumburin ciki, kuma tana iya fashewa a ciki. Buɗaɗɗiyar ma tana iya rufewa, don haka idan ruwan ya tsaya alhali jikinta bai yi sauƙi ba, kada ki ɗauka warkewa ce.

Maganin kashe ƙwayoyin cuta shi kaɗai ba ya kwashe mugunyar da ta taru. Akwai allurai masu sa mahaifa ta matse ta fitar da abin da ke ciki, amma ana ajiye su ne don ƙananan karnukan da ake son su sake haihuwa kuma jikinsu bai yi tsanani ba, cutar kuma takan dawo a barbara ta gaba. Ga mai shekara 9 da ta fara amai, tiyata ce magani. Gaskiya ne manyan karnuka irin na Jamus sun fi saurin tsufa, kuma taki tana cikin rukunin marasa lafiya da haɗarin barci ya fi yawa a kansu, amma mafi yawan waɗanda aka yi wa wannan aiki a kan lokaci suna tashi su warke sarai, tun da an cire tushen cutar gaba ɗaya. Ki roƙi likita ya fara sa mata ƙarin ruwa da maganin ƙwayoyin cuta ta jijiya na 'yan sa'o'i kafin ya yanka, ya duba ƙodarta kafin aiki da bayansa, kuma ya riƙe ta wurinsa aƙalla daren farko. Kada ki ba ta abinci kafin ku tafi sai yadda ya umarta. Idan kuɗi ne suka tsaya, ki faɗa masa a fili ku daidaita kan biya kashi-kashi.

Ki kuma gaya masa idan an taɓa yi mata allurar hana ɗaukar ciki. Wasu masu karnuka suna sayen irin ta mata su yi wa karya don kada ta tara musu karnukan unguwa a ƙofar gida, alhali waɗannan allurai suna ƙara haɗarin ruɓewar mahaifa da ƙarin nono duka biyu. Mai ƙaramar karya da ba ya son ta haihu, ya kai ta a cire mata mahaifa da gidan ƙwai tun tana da ƙuruciya da ƙarfinta, lokacin da aikin ya fi sauƙi kuma ya fi araha.